Za a yi wa yaro mai babban harshe aiki: tambayoyin iyaye kan allurar barci

Yawancin tambayoyin nan daga iyaye mata suka fito, wasu a bakin bulok, wato ɗakin tiyata, wasu a waya, daga Garwa, Marwa, Kuseri a arewacin Kamaru har da ƴan uwanmu na Njamena. Larurar, wadda ake kira Beckwith-Wiedemann, ba kasafai ake ganinta ba, shi yasa in aka ce ma uwa za a sa ɗanta barci sai ta rasa wanda zata tambaya, maƙwabta kuma kowa da tashi fatawar. Na amsa ne daga ɓangaren masu sa barci. Amma fa wanda ya ga yaron da idonsa ya buɗa bakinsa ya duba, shi ke da magana ta ƙarshe.

An rubuta mana Beckwith-Wiedemann a karne, wato littafin asibiti, ko karantawa ban iya ba. Wace irin cuta ce?

Sunan likitoci biyu ne aka haɗa, Beckwith ɗan Amurka da ya bayyana ta a 1963 da Wiedemann ɗan Jamus a 1964. Larura ce da ake haihuwar yaro da ita, jikinsa ko wani sashe na jikin ya riƙa girma fiye da ƙima tun yana ciki. Ana ƙiyasin yaro 1 cikin haihuwa wajen 10,000 zuwa 14,000. Matsalar tana kan kuromozom na 11, wajen da ke riƙe da linzamin girman jariri.

Alamomin da aka fi gani: jariri ya fito ƙato, harshe ya cika baki har ya leƙo waje, cibiya ta fito sosai ko ma a haife shi hanji na waje cikin wata ƴar jaka a cibiyar, sukarin jininsa ya riƙa faɗuwa a kwanakin farko, wani ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya fi ɗaya kauri, wani kuma ki ga ƴar tsaga a fatar kunne da jan tabo a goshi. Ba kowane yaro ke haɗa duka ba. Kuma yawancinsu hankalinsu lafiya lau, girman nan ma yana lafawa in sun kai shekara 7 zuwa 8, su zama manya kamar kowa.

Uwar mijina ta ce wai abin da na ci ne da ciki.

A'a Hajiya, ba abin da kika ci bane, ba kuma baki ko iska ba. Kusan kashi 85 cikin 100 haka kawai yake faruwa ba kowa mai shi a dangi, sauran ne ake samun gado.

To me yasa yaran nan suke yawan shiga bulok?

Dalili uku ne suka fi yawa. Na farko cibiya, musamman wanda aka haifa hanji a waje. In jakar ƙarama ce ana mayarwa a ɗinke a kwanakin farko, in babba ce sau da yawa likitoci kan zaɓi su riƙa shafa mata magani ta bushe fata ta rufe, aikin sai daga baya, don in aka tura komai ciki lokaci ɗaya cikin zai matse huhu yaron ya kasa numfashi. Na biyu rage harshe, wannan ba kowa ake ma ba, sai in harshen ya hana numfashi ko shan nono ko yana ɓata haƙora da muƙamuƙi da magana. Na uku ƙari a ƙoda ko a hanta, wanda ke samun wajen yaro 8 cikin 100 na masu larurar. Banda waɗannan akwai ƙananan abubuwa irin kaba da golon da bai sauko ba, su ma sai an sa shi barci.

Wai ya ake sa barcin nan? Allura ce ko iska?

Duka biyun. Ƙaramin yaro yawanci ana ɗora masa wata ƴar roba a hanci da baki ya shaƙi iskar magani haɗe da oksijin, sevoflurane a inda ake da shi, wasu wurare halothane, cikin minti ɗaya biyu ya tafi. Ko a fara sa masa allurar ƙarin ruwa a bashi ta jijiya, akwai propofol fari tas, akwai ketamine da ake amfani da shi sosai a asibitocinmu. Bayan ya yi barci sai a zura masa tiyo ta baki ko ta hanci zuwa maƙogwaro, inji ko hannun anestezis, wato mai sa barci, ya riƙa numfashi dominsa. Ba ya jin komai ba ya kuma tuna komai. Ana maƙala masa wani ɗan abu mai jan wuta a yatsa mai nuna oksijin, ƙarar tit tit da kuke ji daga waje kenan.

Kowa sai ya kalli bakinsa ya yi shiru. Harshen ne matsalar?

Shi ne babbar matsalar, kuma a nan zan daɗe don duk sauran maganar a kanta take tsaye. Mutane suna tsoron maganin, wai ko zai yi masa yawa ya ƙi tashi. Gaskiya maganin ba shi ke hana mu barci ba, an san awonsa daidai da kilon yaro, kuma larurar nan bata sa jiki ya ƙi maganin barci. Abin tsoron ƴan mintocin nan ne tsakanin lokacin da yaron ya yi barci da lokacin da tiyo ya shiga.

Kin ga idan yana farke, naman wuya da na harshe a ɗaure suke, su ke riƙe harshen a gaba. Da maganin ya kama shi komai sai ya saki, harshen ya faɗa baya ya toshe hanyar iska kamar yadda tsumma ke toshe bakin tulu. Ga kowane yaro hakan na faruwa kaɗan, ɗaga haɓa kawai ya wadatar. Amma wannan nashi harshen ya cika bakin, ko da aka sa ƙarfen leƙa maƙogwaro wani lokacin ba abin da kake gani sai harshe. Ga shi kuma jariri na cin oksijin kusan ninki biyu na babba in aka kwatanta da nauyinsa, ajiyar huhunsa kuma kaɗan ce, in iska ta tsaya ba a minti ake magana ba, nan da nan lambar oksijin take fara sauka leɓe ya canza kala.

Shi yasa wanda ya san aikin ba ya gaggawa. Zai sa shi barci a hankali yana barinsa yana numfashi da kansa, ba zai bashi maganin sakin jiki ba sai ya tabbatar iska na shiga da robar fuska. Zai iya kwantar da shi ta gefe, ya sa wata lanƙwasasshiyar roba a baki ko siririya ta hanci ta wuce bayan harshen, wani lokacin ma mataimaki ne zai kama harshen da gaz, ƙyallen ɗaure ciwo, ya jawo shi waje, abin ba kyan gani amma yana aiki sosai. Zai jera tiyo girma-girma a kan tebur kafin a fara, da wata roba da ke zama a saman maƙogwaro in tiyon ya ƙi shiga. Inda ake da ƙarfen leƙe mai kamara aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma ba mutum ɗaya ke tsayawa a kan yaron ba.

Abin da zai kwantar miki da hankali, a mafi yawan yaran nan tiyon na shiga, maƙogwaron kansa lafiyarsa ƙalau harshen ne kawai ya tare hanya, kuma da yaro ke girma bakin na ƙara faɗi abin na raguwa. Wanda ya sha wuya yana wata 3 ba lallai ya sha ta yana shekara 4 ba.

An ce kar ya ci komai, ni kuma an ce min sukarinsa na faɗuwa. Ya zan yi?

Wannan ita ce matsala ta biyu, kuma a nan iyaye ke yin kuskure iri biyu masu karo da juna. Wata tausayi ya kama ta, ta ɗan ɗura masa kunu a ɓoye ta ce ai kaɗan ne. Wata kuma don tsoro ta hana shi komai tun magariba, ga aikin sai azahar.

Kunun nan na ɓoye na iya kashe yaro, ban ƙara gishiri ba. In yana barci abin cikinsa ya taso ba zai iya tari ba, huhu zai faɗa. Ka'idar da aka saba ita ce awa 6 ga abinci, kunu, koko da madarar gwangwani ko ta shanu, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa garai wanda ake ganin gindin kofi ta cikinsa, ko da da ɗan sukari a ciki. Misali in aiki ƙarfe 8 na safe ne, abinci ya tsaya ƙarfe 2 na dare, nono ƙarfe 4, ruwan sukari ƙarfe 6. Ki sa alam a waya ki tashe shi ki bashi nonon nan na ƙarfe 4, kar ki ce yana barci bari in ƙyale shi. In asibitin sun baki nasu lokutan, nasu zaki bi.

Su yaran nan da yawansu, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, jikinsu na fitar da insulin da yawa bayan haihuwa sai sukari ya faɗi. Yawanci yana daidaita cikin ƴan kwanaki, kaɗan ne ke ci gaba har sai an sa su kan magani irin diazoxide. Haɗarin a bulok shi ne alamomin faɗuwar sukari, wato gumi, karkarwa, kasala, jijjiga, duk barci na ɓoye su. Don haka ake soka yatsa ko dunduniya a auna kafin a fara, ana cikin aiki, da bayan an gama, a sa masa serom, wato ƙarin ruwa, mai sukari, masu wannan matsalar ana so lambar ta zauna sama da 0,7 g/L. Ki roƙa a sa shi farko a layin safe. In an ɗaga lokacin aiki kar ki zauna shiru a benci, tashi ki je ki ce yarona mai faɗuwar sukari ne a auna shi.

Me zan kai wa anestezis ranar da zai gan mu?

Da farko dai ku tabbatar kun gan shi kafin ranar aikin, ba a ƙofar bulok ba. Ku je da karne duka har tsofaffin, da takardun eko, wato hoton cikin jiki, da na gwajin jini, da kwalayen magungunan da yake sha.

Sai abu ɗaya da nake ganin ya fi wasu gwaje-gwajen amfani: ki ɗauki bidiyon yaron a waya yana barci da dare, minti ɗaya ko biyu, a ji sauti, a ga ƙirjinsa ba riga. In yana minshari, ko numfashin na tsayawa ya yi shiru sannan ya ja da ƙarfi, ko tsakiyar ƙirjinsa na lotsawa, ko ba ya iya barci sai a kife, anestezis na gani zai san da me zai haɗu. Yaro mai irin wannan barcin magungunan zafi masu ƙarfi irin morphine na danne masa numfashi fiye da sauran yara, dole a rage awo a kuma kwana ana sa masa ido.

Ki faɗa in bakwaini ne, in ya taɓa jijjiga, in yana ƙwarewa wajen shan nono, in akwai sikila a gida. Ki tambayi dangi ta ɓangarenki da na Malam ko akwai wanda ya taɓa yin zazzaɓi mai tsanani ko ya rasu ana cikin aiki ba a gane dalili ba, akwai wata larura ta gado da ke tashi da wasu magungunan barci. Za a auna yawan jini da rukuninsa, a duba maleriya, sau da yawa a yi ekon zuciya don wasu daga cikinsu ana haihuwarsu zuciyar ta ɗan yi girma. In an taɓa sa shi barci aka ce an sha wuya wajen tiyo, wannan ki faɗe shi tun kafin ki zauna.

Mun biya kuɗin mota daga Marwa mun zo, aka ce mu koma wai yana mura. Wannan adalci ne?

Da zafi kam, na sani, balle lokacin hunturu da ƙura yara basa rabuwa da majina. Amma maƙogwaron yaro mai mura yana saurin ɗaurewa in an taɓa shi, har ƙofar iskar ta rufe ruf, kuma saurin nan na ɗaukar makonni ko bayan murar ta tafi. Haɗa wannan da babban harshe ki gani. In akwai zazzaɓi, tari mai kauri, majina kore ko ƙirji na kuka, ana ɗagawa sati 2 zuwa 4 in aikin ba na gaggawa bane. Ku karɓi lambar wani a sashen, ku kira kwana biyu kafin ku hau mota.

Dole sai mun je Yawunde? Asibitin garinmu ma ana aiki.

Ya danganta da aikin da shekarun yaron, kuma girman gini ba shi bane ma'auni. Ga abin da zaka tambaya Malam, ba rashin kunya bane: wanda zai sa shi barci ya saba da jarirai? Akwai tiyo da robobi na girmansa? In wuta ta ɗauke akwai janareto da kwalbar oksijin? Akwai inda za a ajiye shi kan inji in bai iya numfashi da kansa ba bayan aiki? Akwai jini?

A arewa yawancin masu sa barci nas-nas ne da suka yi karatun anestezi, da yawansu hannunsu ya faɗa sosai, kuma ƙwararren shi ne zai fara ce maka wannan ya fi ƙarfin kayan da muke da su. In ya faɗi haka ka gode masa. Kaba a yaro ɗan shekara 5 da harshensa ya daidaita ana iya yi a babban asibitin Garwa, Marwa ko Ngawundere. Amma rage harshe, babbar cibiya a jariri ko cire ƙari, a nawa ganin sai inda akwai likitan tiyatar yara da reya ta yara, wato ɗakin kulawa ta musamman. A Yawunde akwai asibitin mata da yara na Ngousso da cibiyar uwa da ɗa ta gidauniyar Chantal Biya mai sashen kansar yara, mutanen Kuseri kuma asibitin uwa da ɗa na Njamena ya fi musu kusa, gada kawai zasu haye. Tafiyar da wahala, mota zuwa Ngawundere sannan jirgin ƙasa ya kwana da ku, ga kuɗin masauki, ku je da takardar turawa daga likitanku kar ku fara daga farko.

Kuma kaciya. Kar a ce ai ƙaramin abu ne a ɗirka masa ketamine a ɗakin da ba oksijin. Ketamine na ƙara yawu, ga harshe. In akwai wani aiki a gaba ku tambaya ko za a haɗa su barci ɗaya.

Maganin ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba? An ce suna zama dolaye.

A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan barcin da ya wuce awa 3 ko wanda ake maimaitawa a yaran da basu kai shekara 3 ba, yawancin hujjar daga gwajin dabbobi ce. Sai kuma wani babban bincike mai suna GAS da ya bi jarirai sama da 700, sakamakonsa ya fito a 2019, ya nuna barcin kusan awa ɗaya bai rage kaifin basirar yaro ba da ya kai shekara 5. Don haka abin da zai iya jira a bar shi ya jira, wanda ba zai jira ba a yi. A yaran nan abin da ya fi cutar da ƙwaƙwalwa sukarin da ya faɗi ba a lura ba ne da ƙarancin oksijin.

To zai iya mutuwa? Ku faɗa min gaskiya.

Rai a hannun Allah yake, kuma ba anestezis mai gaskiya da zai ce miki haɗari babu. Ya fi yawa a jariri sabon haihuwa, a aikin gaggawa, da inda kaya basu cika ba. Ga yaron da aka shirya, a wurin da ya dace, mafi yawa suna shiga su fito lafiya, wasu ma sau da yawa.

Ya zan same shi in ya fito?

Zai iya tashi da kuka da shure-shure bai ma gane ki ba, wannan kan wuce cikin minti 15 zuwa 30, ki riƙe shi kawai kar ya cire serom. Ana iya samun amai da dishewar murya. A kwantar da shi ta gefe ba rigingine ba. Kar ki bashi komai sai an ce, sannan a fara da ruwa ko nono kaɗan.

In aikin harshe ne to ki shirya zuciyarki, harshen zai kumbura ya fi yadda yake a da, ki ce ko ba a rage komai ba. Shi yasa sau da yawa ake barin tiyo a hanci yana barci a reya kwana ɗaya biyu har kumburin ya sauka, abinci ta siririn tiyo zuwa ciki. Tsari ne tun farko, ba wai aikin ya ɓaci ba. Maganin zafi paracetamol shi ne ginshiƙi, ibuprofen da danginsa kuwa kar ki saya da kanki in yaron na da matsalar ƙoda ko an cire masa ɗaya.

Eko ɗin da aka ce duk wata 3, shi ma sai an sa shi barci?

A'a, ana shafa masa ɗan ruwa mai yauƙi a ciki a duba, yana kan cinyarki. Ana yi har wajen shekara 7 ko 8 saboda ƙarin ƙoda da ake kira Wilms, wasu likitocin su ƙara gwajin jini na AFP a shekarun farko saboda hanta. Kar ku tsallake don yaron na wasa lafiya, ƙarin da aka kama yana ƙarami aikinsa gajere ne barcinsa ma gajere. Sikana da IRM, manyan injinan ɗaukar hoton cikin jiki, su ne ke iya buƙatar barci, kuma duk abin da na faɗa kan harshe yana nan ko da sun ce ɗan barci ne kaɗan.

Kakarsa ta kawo rubutu da laya, ta kuma ce a kira wanzami ya duba harshen.

Addu'a a yi ta sosai. Rubutu a bashi tun jiya da rana ko a shafa masa, kar a ɗura masa da safen aiki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ku tsayar ku kuma faɗa mana me ya sha, ba mai yi muku faɗa. Laya da guru da duk abin ƙarfe za a cire saboda injin ƙona jijiya, ki riƙe a jakarki. Baƙin lalle a yatsu kan rikita abin auna oksijin, a bari sai bayan aiki. Wanzami kuwa, ko cire beli ko tsaga a harshe, ku ba Inna haƙuri cikin ladabi, harshen nan cike yake da jini, in ya zuba ko ya kumbura a gida ba hanyar iskar da ta rage.

Namu an ce Sotos ne ba Beckwith ba.

Danginsu ɗaya wajen yawan girma amma damuwar daban. Mai Sotos kai ne babba ga tsayi, jiki a sake, wasu na da farfaɗiya, matsalar zuciya ko karkacewar ƙashin baya. Maganin farfaɗiya ba a tsallake shi ko ranar aiki, ki tambaya yadda zaki bashi. Kuma saboda ya fi shekarunsa girma, ki faɗi ainihin shekarunsa a kuma ɗora shi kan sikeli, kar a yi awo da ido.

Mun dawo gida, me zai sa mu koma da gudu?

Numfashi mai ƙara ko ƙirji na lotsawa, leɓe ko harshe ya yi duhu, barcin da ba a iya tashinsa, gumi da karkarwa ko jijjiga, ya ƙi nono sau biyu a jere, amai kore, ciki ya kumbura, jini daga baki ko wajen ɗinki, zazzaɓi. Ko ƙarfe nawa ne ku nemi mashin ku tafi. Kuma kafin a sallame ku, ku sa anestezis ya rubuta a karne lambar tiyon da ya shiga, da wane ƙarfe aka yi amfani, da ko an sha wuya, ki ɗauki hoton shafin a waya don karne na ɓata.